Idon Husaini

Da safiyar Alhamis aka tashi da labarin sata a gidan marigayi Malam Nasrullahi, can cikin birnin Zariya, bayan Ƙofar Doka. Abin da aka sace kuwa, a nan rigima take. A bakin masallaci an ce reza ce. Matan da suka kai niƙa suka ce ina, leshi ne, yadi biyar, na biki. Kafin labarin ya kai kasuwa ya zama leda, har wani mai kayan miya yana tambaya, wai leda nawa ce da za a tayar da unguwa a kanta? Mutanenmu ke nan, a ba su kalma ɗaya da safe, kafin azahar sun yi mata 'ya'ya da jikoki. Kowa dai ya soma kallon maƙwabcinsa ta gefen ido.

Kalmar da aka faɗa tun farko ita ce leza, kuma Ibtisam ce ta faɗe ta cikin kuka. 'Yar marigayin ce, tana karatun injiniya a jami'a. Ita ce ta buga waya aka kira Bahago.

Bahago mai bin sawu ne. Shekara arba'in yana bin sawun akuya da jaki da keke da babur, da sandarsa a hannun hagu, kuma bai taɓa dawowa hannu banza ba, in ban da wata tunkiya guda da ba ya so a tuna masa. Tun da aka malale lungunan birni da siminti aiki ya yi masa ƙaranci, ya koma zaman benci yana gyara wa matasa labarin da ba su tambaye shi ba. Don haka da kira ya zo, ko kokonsa bai ƙarasa ba.

Ya yi sallama, ya ratsa zaure, ya iske Ibtisam a ƙofar shigifar da ta mayar ɗakin aikinta, idanu sun kumbura.

"Injiniya, daina kuka. Mene ne ya ɓata, ƙafa nawa gare shi?"

"Baba, ba shi da ƙafa. Jirgi ne."

"Jirgi? A ɗakin nan?"

Ta nuna masa tebur. Wani abu ne a kai mai fukafukai huɗu, faɗinsa bai wuce faifai ba, da wani ɗan gilashi a goshi. Kusa da shi akwai gurbin ɗan'uwansa, wayam.

"Biyu ne, marasa matuƙi. Idan suka tashi sama, wannan yana harba wa wancan saƙo da wani siririn haske, shi ne leza. Ba igiya, ba sabis. Hasken yana ƙyaftawa da saurin da ido ba ya kamawa, kowace ƙyaftawa harafi ce. Ɗayan kuma yana da ido da yake karɓa. Hoto ko murya ko littafi guda, kafin ka ce me ya haye. Haka ake so manyan jirage su riƙa yi a sararin sama."

"To, na gane," in ji Bahago. "Gulma ce da haske."

"Hajiya kakata ce ta raɗa musu Hasan da Husaini. Husaini ne babu, mai idon. Baba, yau bayan la'asar malamaina uku za su zo filin Kufena su ga gwaji. Shekara uku nake kan aikin nan. Idan ba su gani ba, sai baɗi in ana raye. Jirgi ɗaya kuwa ba ya hira."

Bahago ya ji tausayinta har cikin ransa, don ya san ubanta, mutumin kirki ne. Amma kuma ya ji tsoro. Shi da ya saba da ƙasa, ta ina zai bi sawun abin da ke tafiya a sama? Ya tsuguna ya duba daɓen ɗakin. An share shi tas, ban da can ƙarƙashin tebur. Ya bi layin tsintsiya da kan sandarsa. A gefen teburin ya ga wani ɗan baƙin abu, ya lakato da yatsa.

"Wannan na injinki ne?"

"Ƙila, Baba. Ban sani ba."

Daga farfajiya sai wata murya ta tashi kamar ana rabon faɗa. Hajiya Batulu ce, kakar Ibtisam, 'yar tsohuwa ƙarama mai bakin mutum goma. Tana zaune a kan wani daron wanki da aka kife, a tsakiyar rana, ta ja mayafi har kan hanci.

"Bahago, ka tsaya shinshinar tebur kamar mage! Ga ɓarayi can suna yawo a gari. Ka je wajen Audu mai aski, jiya ya zo yana tambayar abin. Ka je wajen Ja'afaru na bayan katanga, ya rantse sai ya harbo shi. Ka bi Asabe dillaliya, ta shigo da ƙunshi ƙarami ta fita da babba!"

"Hajiya, ina kwana. Ba kya shiga inuwa?"

"Gwiwata ce. An ce in riƙa shan rana. Ina ruwanka?"

Bahago ya murza idonsa na hagu, don barci bai gama sakinsa ba, ya fita.

*

Audu yana tsakiyar aske wani dattijo sai ya hango sandar Bahago. Nan take reza ta goce masa, dattijon ya ce a bar masa sauran gashin ya gode.

"Audu, maganar rezar nan."

"Wallahi Baba sau ɗaya ne!" Audu ya faɗa da ƙarfi. "Sau ɗaya tak na maimaita reza a kai biyu, shi ma wa da ƙani ne, jininsu ɗaya!"

Dattijon ya dafe rabin kansa ya miƙe.

"Ba wannan na tambaye ka ba," in ji Bahago. "Me ya kai ka gidan Malam Nasrullahi jiya?"

"Au, wannan? An ce min Injiniya ta ƙera rezar haske mai aski daga nesa. Na ce in haka ne, ranar sallah in jera mutum ashirin a benci in wuce sau ɗaya. Ta yi min dariya ta ce ba ta aski. Na dawo abina."

Yana magana yana kallon fuskar Bahago, yana danne wani murmushi. Bahago bai ji daɗin haka ba. Ya duba takalman Audu, manya ne kamar kwale-kwale, mutumin da ko tabarma ya taka sai an ji. Ya bar shi yana lallashin mai rabin aski.

*

Malam Ja'afaru tsohon magatakardan kotu ne, ba ya magana sai da takarda. Tun kafin Bahago ya zauna ya ɗauko wata doguwar wasiƙa mai shafi huɗu.

"Ƙorafi ne na rubuta wa mai unguwa. Kakanninmu sun yi katanga don a rufa asiri. Yanzu an kawo abin da ke tashi sama yana leƙen tsakar gidan mutane. Ranar Talata ina zaune da ɗan zane ina yanke farce, sai ga shi a kaina yana ƙugi."

"An ce ka rantse sai ka harbo shi, Allah gafarta Malam."

Malam ya gyara zama, ya rage murya. "Na gwada. Da gwafar danƙo. Na saita shi sosai."

"Ka same shi?"

"Na samu randar uwargida. Tun ranar ake ba ni tuwo ba man shanu." Ya yi ajiyar zuciya. "Amma sata? Ni da na yi shekara talatin ina rubuta hukuncin ɓarayi? Ko kyauta aka ba ni ba na so, abin da ya gan ni da ɗan zane."

Da za su rabu, Malam ya ƙura wa fuskar Bahago ido, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya fasa, ya ce Allah ya ba da sa'a. Bahago ya fito ransa a ɓace. Rana ta take tsaka, ba sawu, ba jirgi, ga mutane sai kallonsa suke yi suna sunkuyar da kai. Ya ce a ransa, shi ke nan, an gane ya tsufa, yau tunkiyar nan za ta samu 'yar'uwa.

*

Asabe ya tarar a wani lungu, ta sauke ƙunshinta tana shan iska. Ba ta bari ya gama sallama ba.

"Na ji an ce ni na ɗauke leshi! Bismillah, duba!" Ta kwance ƙunshin, atamfofi da mayafai suka zube. "Ga shi nan, tsofaffin zannuwan Hajiya ne ta ba ni in sayar. Amma tun da ka zo, ga wani leshi ruwan goro, wallahi kamar don matarka aka saƙa."

"Asabe, ba sayayya na zo ba. Jiya me kika gani a gidan?"

"Ban ga komai ba, amma na ji. Yarinyar nan tana waya tana sharɓar kuka, wai idon Husaini ba ya gani idan rana ta yi ƙarfi, wai ta yi iya yinta ya ƙi. Na ce Allah sarki, duk karatun nan a ƙare da saurayi mai ciwon ido. Hajiya na gefe tana tsintar shinkafa, har ta ajiye tire tana saurare."

Sai ta dubi Bahago da kyau, ta fashe da dariya har tana dukan cinya.

"Baba Bahago! Yau kuma gayu ake ji? To ai ido biyu ake sa wa kwalli, ba ɗaya ba!"

"Wane kwalli?"

Ta zaro ɗan madubi daga ƙunshi ta miƙa masa. Innalillahi! Idonsa na hagu ya sha kwalli rangaɗau kamar na amarya, na dama kuwa fayau. Haka ya ratsa rabin birni yana yi wa mutane tambayoyi da fuskar hukuma. Kunya ta rufe shi. Sai ya ɗaga yatsansa, wanda ya lakato baƙin nan na kan tebur, ya ga yana ɗan ƙyalli. Ya tuna layin tsintsiya. Ya tuna mayafin da aka ja har kan hanci.

"Asabe, Allah ya yi miki albarka. Ɗaure kayanki, ki biyo ni. Kada ki ba ni tsumma, a bar idon yadda yake."

*

Bayan sallar azahar ya tara su a farfajiyar gidan: Audu, Malam Ja'afaru da wasiƙarsa, Asabe da ƙunshinta, Ibtisam tana duban agogo kamar za ta haɗiye shi. Hajiya Batulu tana nan kan daronta, inda ya bar ta tun safe.

"Ni ban san sama ba," Bahago ya fara, "ƙasa na sani. Ɓarawon nan ya ɗauki jirgi, ya kuma tsaya ya share ɗaki. Audu, ka taɓa share shagonka ba a yi maka faɗa ba?"

"Gaskiya a'a."

"To, ba kai ba ne. Kuma mai sharar gajere ne, hannunsa bai kai ƙarƙashin tebur ba. Malam kuwa ko a zaune ya fi ni tsawo. Sannan sharar ba waje ta nufa ba, cikin gida ta nufa. Asabe waje ta yi."

"Alhamdulillahi," in ji Asabe. "Leshin dai yana nan in ka canza shawara."

Bahago ya juya, ya rage tsawo a gaban tsohuwa, ya yi murya mai laushi.

"Hajiya, kin ga idona na dama ya zama maraya. A taimaka min da aron tandun kwallinki in daidaita su."

"Ya ƙare."

"Yaushe?"

"Kai alƙali ne?"

"Hajiya, tun ina saurayi nake gaishe ki. Na gan ki ranar biki, na gan ki ranar makoki, ban taɓa ganin idonki ba kwalli ba. Yau ga mayafi har hanci. Wane ido ne ya cinye tandu guda da safen nan?"

Kafin ta buɗe baki sai aka ji wani ɗan kuka, ƙit, ƙit, ƙit, daga ƙarƙashin daro. Hajiya ta yi maza ta kama tari. Daro ya sake cewa ƙit. Ta sake tari, har da bugun ƙirji.

"Batirinsa ne ke kuka," in ji Ibtisam a hankali. "Hajiya! Tun safe a kan digirina kike zaune?"

Tsohuwa ta sauke mayafi. Idanun nan fari fat, abin tausayi, kamar ba nata ba. Ta miƙe, gwiwa lafiya lau. Audu ya ɗaga daro. Ga Husaini nan kwance a kan ɗankwali, an yi masa kwalliya ta gani ta faɗa: gilashin goshinsa baƙi ƙirin, zoben ƙarfen da ya kewaye shi ciki da waje duk an shafe, har an ɗan ja masa jela a gefe don kyau.

Ibtisam ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Hajiya, me na yi miki?"

"Ke, rufe min baki, 'yar nema!" Hajiya ta taso mata. "Jiya ba ke ce kike kuka idonsa ba ya gani da rana ba? Ubanki yana yaro haka ya yi, rana ta fito sai hawaye, da kwallin nan na warkar da shi. Ni ban yi boko ba. Ban san lezarki ba, ban san lissafinki ba. Abin da na sani na ido ke nan, shi na yi miki. Na idar da asuba na ɗauko shi, na kwaɓa da ɗan man kaɗe don ya kama. Ina cikin sa masa na taɓa wani abu ya yi ƙara, na ce shi ke nan na kashe shi. Kafin in yi dabara kin tara min gari. In ce me? In ce ni ce?"

"Shi ne kika ce ni ce?" in ji Asabe.

"Ke ai kin saba, ba ya damunki."

Dariya ta ƙwace wa kowa, har Ibtisam da hawaye a fuska. Ta rungume tsohuwar, tana dariya tana kuka. Bahago ya kau da kai, don shi ma idonsa ya kawo ruwa, kuma ya san abin da ruwa zai yi wa kwalli.

Lokaci dai ba ya jira. Audu ya ruga ya kawo auduga da ruwan da yake wanke aska. Asabe ta yage gefen wani mayafi mai laushi ba tare da ta faɗi kuɗinsa ba, abin da ba a taɓa gani ba. Ibtisam ta goge gilashin a hankali har ya yi garau, ta sauya batir. Zoben kuwa man kaɗe ya riƙe kwallin gam, ya ƙi fita.

"Bar shi haka, an kusa kiran la'asar," in ji Malam Ja'afaru, yana cusa wasiƙarsa a aljihu. "Ku shiga motata. Amma a gaya masa ya daina bi ta kan gidana."

*

A filin Kufena rana ta karkata tana dukan ido, irin wadda Ibtisam ke tsoro. Malamai uku suna tsaye da takardu. Bahago na gefe da sandarsa, gabansa na faɗuwa kamar shi za a yi wa jarrabawa. Hasan ya tashi, Husaini ya bi shi, suka rabu, ɗaya ya yi wajen dutse, ɗaya ya tsaya kan gonaki, har suka koma kamar tsuntsaye biyu. Ibtisam ta yi bismillah ta danna kwamfuta.

A duk gwajin da ta yi a baya, saƙo yana kaiwa rabi yake yankewa. Yau ya kai rabi ya wuce. Ya cika. Ta aika na biyu, ya cika. Babban malamin, wani farfesa mai furfura, ya ce a juya Husaini ya fuskanci wajen rana sosai. Aka juya. Ya cika.

Da jiragen suka sauka, farfesan ya ɗauki Husaini, ya gyara tabarau, ya leƙa goshinsa.

"Yawwa, ga maganin. A da zoben nan yana ƙyalli, hasken rana yake watsawa cikin idon, ya dame da na leza. Yanzu baƙin ya shanye shi. Dabara mai kyau, Ibtisam. Wane irin shafi ne wannan? Ban san shi ba."

Ibtisam ta dubi Bahago. Bahago ya dubi dutsen Kufena da idonsa ɗaya mai kwalli. Ta waiwaya wajen mota, inda wata 'yar tsohuwa ta leƙo ta taga, ta ƙanƙame carbi, bakinta na motsi.

"Na gida ne, Farfesa," ta ce. "Sunansa Batulu."

Farfesa ya rubuta a takardarsa, harafi bayan harafi, ya sa hannu.

Bahago ya taka zuwa motar don ya kai albishir, yana shirya kalmomin da zai lallashi tsohuwa da su. Bai samu ya buɗe baki ba.

"Na ji, ba kurma ba ce ni," in ji Hajiya, tana share ido da gefen mayafi. "Ka gaya wa Asabe ta kawo min tandu biyu gobe. Tagwaye ne, ba a yi wa ɗaya a bar ɗaya. Kai ma matso in ga na daman nan."